Bakina Ne Ya Narkar da Sojojin Abokina

Assalamu alaikum, Edita. Ni matashi ne ɗan shekara goma sha bakwai, a Zangon Kumasi aka haife ni. Ina roƙon a ɓoye sunana, ko da yake duk ɗan layinmu da ya karanta zai gane ni kafin ya kai rabi. Shekara biyu da suka wuce, in ana neman yaron da ya fi kowa baki a unguwarmu, ba a zuwa da nisa. In na ga ɓera a kicin, kafin labarin ya kai ƙofar gida ya zama ɗan akuya, kafin ya kai bakin famfo ya yi ƙaho ya tunkuyi Mma, mahaifiyata. Mutane su yi ta dariya, ni kuwa dariyar ce abincina. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba, cewa nake gishiri ne nake ƙara wa zance. Sai da gishirin nan ya cuci mutumin da ya fi kowa ƙaunata na san sunansa na gaskiya.

Ina da aboki, gidansu na kallon namu, makarantar Malam ɗaya muke zuwa safiyar Asabar da Lahadi. Yana da ciwon sikila. Ba ya ƙwallo, ba ya wanka a ruwan sama, in muka yi tsere shi ne mai ƙirga ɗaya, biyu, uku. Amma Allah Ya ba shi hannu. Wata rana a wayar yayansa muka ga wasu Turawa, manya da gemunsu da tumbinsu, sun duƙa a kan tebur suna yaƙi da 'yan ƙananan sojoji. Na ce waɗannan dai ba su da aikin yi. Shi kuwa ya ƙura musu ido, can ya ce ai mu ma za mu iya. Ana haƙa rijiya a bayan gidansu a lokacin, sai ya ɗebo laka ya fara ƙera sojoji, kowane kamar babban yatsa, ya dasa shi a kan marfin kwalbar lemo. Mashinsu tsinken cicinga ne, wato tsire, da nake tsintowa wurin mai nama. Fenti kuwa, wani mai feshin mota a Krofrom ke ba mu ragowar gwangwani, sauran na cika da jan farcen yayata, wadda har yau take zargin aljanu. Nasa jajaye, nawa shuɗɗa. Kowane soja da fuskarsa. Akwai mai gashin baki, akwai mai ido ɗaya, akwai wani mai ƙaton hanci da na rantse limamin layinmu ne.

Filin yaƙinmu tsohon ƙyaure ne da muka ɗora a kan benci biyu a barandarsu. Kwalin ashana ne ganuwa, shuɗin ƙyalle ne kogi. Muna jefa dayis ɗin ludo, muna auna tafiyar soja da tef ɗin ɗinkin mahaifiyarsa. Duk Asabar bayan la'asar ake gwabzawa, ni ne kuma mai ba da labarin yaƙin da murya irin ta gidan rediyo, har masu wucewa su tsaya su leƙo. Shekarar farko, wallahi, ban san wani abu da ya fi min wannan daɗi ba. Ko shinkafa da waken Mma, wanda nake iya sayar da ɗan'uwana saboda shi, sai ya huce yana jirana.

Ban san ranar da daɗin ya fita ba, a hankali ya zare jiki. Abokina ya sayi littafin rubutu ya fara rubuta dokoki. Da farko shafi biyu ne, kafin shekara ta zagayo littafin ya fi na lissafinmu kauri. Mai doki ba ya tsallake kogi sai an jefa biyar ko shida. Mai baka ba ya harbi in akwai kwalin ashana a gabansa. Kafin ya motsa soja ɗaya sai ya auna, ya sake aunawa, ya buɗe littafi, ni kuwa ina zaune gemuna yana tsirowa yana furfura. Kuma kullum shi ke cin yaƙi. A daidai lokacin ne na fara bin wasu 'yan ajinmu zuwa wani shago a Oforikrom inda ake buga gem ɗin ƙwallo a talabijin, ga ihu ga gardama. Da suka ji abin da nake yi ranar Asabar, suka ce ashe ni mai wasan 'yar tsana ne, suka tambaye ni yaushe za a yi wa 'ya'yan nawa suna. Na taya su dariya, amma abin ya zauna min a ciki.

Sai na shiga tunanin in bar wasan ko in ci gaba. In na ce yau zan faɗa masa, sai in tarar ya jera rundunata tsaf, ya gyara wa wani mashinsa da ya karye, yana ta murna kamar ranar Sallah. Mahaifiyarsa ta kawo min koko da ƙosai, ta ce ɗana, Allah Ya yi maka albarka, kai kaɗai ne ba ka gaji da ɗan'uwanka ba. To da wane baki zan ce na gaji? Sai na koma ga sana'ata. Asabar ɗin nan ciwon ciki, ta gaba Mma ta aike ni kasuwa. Akwai wata gwaggona a Ashanti New Town da na kwantar a asibiti sau uku cikin wata biyu, alhali tana can lafiya lau tana soya kifinta. Duk uzurin da na kawo sai ya yarda, ya ce Allah Ya ba ta lafiya, ya ɗage yaƙin zuwa Lahadi. Na rasa mafita.

Da damina ta shigo sai ciwonsa ya tashi, ya yi mako biyu bai je makaranta ba. Ranar da ya samu sauƙi na je duba shi, ban gama zama ba ya ce in ɗauko ƙyaure. A nan ne shaiɗan ya ari bakina, ko kuma in faɗi gaskiya, ni na ba shi. Na gyara fuska na ce masa, cale, abokina, akwai magana. Na ce ranar da ba ya nan Malam ya yi wa'azi a kan masu ƙera mutum-mutumi, ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da suke. Malam bai faɗi haka ranar ba, karatun alwala muka yi. Na taɓa jin manya suna irin wannan zancen ne a ƙofar masallaci, na ɗauko na liƙa masa. Da na tsaya a nan, da sauƙi. Amma bakina bai saba tsayawa a tasha ba. Na ƙara da cewa Malam ya ce irin wannan gidan ciwo ba ya barinsa. Abokina ya dube ni, ya tambaya a hankali ko Malam ya ambaci sunansa. Na ce a'a, amma dai ya daɗe yana kallon wurin zamansa. Lissafina shi ne zai ce to mu ɗan dakata, a zuba sojojin a kwali, ni kuma in samu Asabar ɗina. Na fito har da ɗan tsallena.

Bayan kwana biyu na leƙa gidan. Na tarar da shi zaune a baranda, bokitin wanki a gabansa, hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu. Lakar ba gasasshiya ba ce, a rana kawai yake shanya ta, ruwa na taɓa ta take saki. Sojoji sun fi ɗari, aikin kusan shekara biyu, duk sun koma taɓo, ɓawon fenti ja da shuɗi na yawo a sama, marafen kwalba da tsinkaye a ƙasa. Har da nawa. Ya ce ya haɗa da nawa ne don kada in kwana da zunubi. Sannan ya roƙe ni in yafe masa, wai shi ya ja ni cikin saɓo ban sani ba, kuma ya gode da ban ɓoye masa ba, abokin gaskiya ke nan. Ya ce yana sa rai yanzu jikinsa zai yi sauƙi, Mma ɗinsa ta huta da zaryar asibiti. Edita, ni da ba a taɓa rufe min baki ba, ranar na ɓoye masa gaskiya. Na ce masa Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Har ni na taya shi ɗaukar bokitin muka juye a kwata.

Na samu Asabar ɗin da nake nema, na je Oforikrom, amma ko an ci ni ko na ci, duk ɗaya. Ba a yi wata guda ba ciwon ya dawo, ya fi na baya tsanani. Da na je asibiti, yana riƙe da ƙafarsa yana cije leɓe, ya ce min wataƙila tubarsa ce ba ta karɓu ba, ko kuwa akwai wani soja da ya faɗa ƙarƙashin gado bai gani ba, in taimaka in je in duba masa. Kuma na je. Na durƙusa ina haska ƙarƙashin gadon mutane da tocilan, ina neman abin da na san ba shi ne matsalar ba.

Ranar da aka sallamo shi, Malam ya zo gida duba shi, ni ma ina ɗakin. Bayan an yi addu'a sai abokina ya sunkuyar da kai ya ce, Allah Ya gafarta Malam, ya ji saƙon, ya rushe gumakan duka, yana neman a faɗa masa abin da ya rage ya yi don Allah Ya ɗauke masa ciwon. Malam ya ce wane saƙo? Abokina ya maimaita maganata kalma bayan kalma, har da kallon wurin zama. Ban taɓa jin ƙaryata a bakin wani ba sai ranar, kuma ba ta da ko ɗigon ban dariya. Malam ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya ce wa abokina shi bai faɗi haka ba. Ya ce maganar siffofi tana da bayani a wurin malamai, mai son sani ya zo ya tambaya a zauna a karanta, amma ciwonsa ba horo ba ne, a jini aka haife shi da shi, kuma Allah Yana ba mai haƙuri lada. Da zai tafi ya ce in rako shi. Na ɗauka bulala ce, har na fara tausaya wa bayana. Da muka kai bakin titi ya tsaya ya ce, ɗana, wanda ya sa wa malami magana a baki a kan addini, ba malamin kaɗai ya yi wa ƙarya ba. Ya ce in koma yanzu in faɗi dalili da bakin da na yi ɓarnar. Da bulalar ya yi min, da na fi jin sauƙi.

Na koma na faɗa wa abokina komai, har da gwaggon da ba ta taɓa kwanciya ba. Mahaifiyarsa tana bakin ƙofa, ta juya ta koma kan keken ɗinkinta. Shi kuwa bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni tun yaushe na gaji, na ce tun bayan ƙaramar Sallah. Ya ce ai ya lura ina hamma, ya ɗauka dokokin ne ba su isa ba, shi ya sa yake ƙara sababbi don wasan ya ƙara min daɗi. Ya ce da na faɗa masa, da ya ji haushi na kwana biyu ya haƙura, don shi ƙera su ne ya fi so, yaƙin don ni ake yi. Daga nan ya juya fuskarsa bango ya ce yana son ya yi barci.

Yau muna gaisawa, muna tafiya makaranta tare wani lokaci, ya ce ya yafe kuma na yarda ya yafe. Amma bai sake ƙera ko soja ɗaya ba. In na ba da labari a cikin taro kowa yana dariya, sai in ga shi yana kallona yana auna wane ɓangare ne gaskiya, kuma ba ni da bakin yin ƙorafi.

Abin da na gane shi ne, gajiya da wasa ba laifi ba ne. Abin da ya yi maka daɗi bara yana iya gundurarka bana, kana da damar ajiye shi. Laifina shi ne na ji kunyar faɗin magana ƙarama, sai na ɗauko babba wadda ba tawa ba na jefa wa mara lafiya. 'Yan'uwana matasa, musamman masu baki irina, in kun gaji da wani abu da kuke yi tare da aboki, ku zaunar da shi ku ce kun gaji. Zai ɓata rai, zai kuma huce. Kada ku ɓuya a bayan Malam, kada ku ɓuya a bayan addini, don wanda kuke yi wa ƙaryar yana iya fin ku tsoron Allah, ya ɗauke ta da gaske ya aikata. Ni nawa abokin ya aikata, kuma har da godiya.