Cikin Fari na Habi

Habi ce mace ta farko a layinsu na Zongo da ta gama lakwal, wato makarantar boko, ta sami aikin biro, aikin ofis. Ita ke amsa waya a wani kamfanin manyan motoci, kuma duk direban da ya taɓa kira daga kan iyaka ya san muryarta. Faransanci, Mosanci, Hausa, babu wanda ke yi mata nauyi a baki.

Sai ta yi aure, ta sami ciki. Cikin fari kuwa, 'yar Zongo ba ta faɗarsa da bakinta, ko ga uwar da ta haife ta. Ta ɗinka riguna masu faɗi, ta ci gaba da aiki.

Shugaban ma'aikata, Shitu, da ake ce wa Mushe irin na masu Faransanci, shi ma ɗan Zongo ne, gidansu na kallon na su Habi. Ya ga rigunan. Ya san doka ta hana korar mai ciki, ya kuma san kunyar 'yan unguwarsu. Wata safiya ya tsayar da ita a gaban mutane.

"Ƙanwata, ko akwai wani abu game da lafiyarki da ya kamata kamfani ya sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu, Yaya."

"To, kun dai ji," in ji shi. Kafin Juma'a wata budurwa ce a kujerarta.

Mijinta na kan hanyar Abijan da mota, sai surukinta, Malam Dabo, ya raka ta wurin sufeton ƙwadago, suka tarar Shitu ma an kira shi. Sufeton ya ce abu ɗaya yake nema: ta faɗa da bakinta cewa tana da ciki lokacin da aka kore ta. Habi ta zuba wa takalman surukinta ido. Tsohon ya gane, ya yunƙura zai fita, sai Shitu ya riƙe masa hannu cikin ladabi.

"Haba Baba, ina za ka? Ai kai ne uban maganar."

Ya koma ya zauna. Habi ta kasa faɗa a gaban surukinta, sufeton ya rufe maganar.

Yanzu waina take toyawa a unguwar Cissin. Ɗan da ta haifa, Harisu, ya zama magidanci, shi ke kawo mata shinkafar ƙullu. Ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Mata na yabonta, wai irin kunyarta ta ƙare a duniya. Ita kam ta daɗe da sanin ba kunya ba ce; ganinsa kujerar da ta rasa yake tuna mata. In ya kira ta a salula, takan bar wayar tana ta kuka a ƙarƙashin faifai, ta ci gaba da juya waina.