Mu'azu Mai Guga da Takardar Omolola

Mu'azu ya zo Gyadi-Gyadi daga wani ƙauye a ƙasar Rano da dutsen guga na gawayi da tabarma ɗaya. Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da ɗakina, don haka in na ce na san shi, har tarinsa na sani. Dogo ne siriri, kunnuwa kamar faifai. Kantoma nake ce masa, saboda duk rigar da aka kawo sai ya ɗaga ta ya yanke mata hukunci kafin ya taɓa ta. Shi kuma Sani Rediyo yake kirana, wai ba a kashe ni.

Matarsa ta rasu da daɗewa, bai sake aure ba, 'yarsa ɗaya tana aure a ƙauye. Abin da ya mallaka a Kano benci ne a ƙofar shago. Amma fa bencin nan ya ji abin da liman bai ji ba. Mutum zai kawo riga ɗaya tal wadda ko yamutsewa ba ta yi ba, ya zauna ya yi ta kame-kame, can sai ya sauke murya. Mu'azu na fesa ruwa da baki yana guga, ba ya ɗaga kai. Gobe sai ka gan shi da hular Juma'a ya nufi Hotoro bikon matar wani, ko ya raka wani asibiti da ciwon da ba a faɗa. Ni kaina da uwar 'ya'yana ta yi yaji zuwa Darmanawa saboda bakin nan nawa, sawu uku ya yi har ta dawo. Bai taɓa goranta mini ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, fastocin 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bango ba, sai ga Omolola, 'yar Baba Adebayo mai ɗaukar hoto a Tarauni. A gabanmu ta girma, Hausa a bakinta ta fi tawa. Ta ce a jami'a aka sa ta bincike a kan zumunci. Gida-gida take bi da tambaya ɗaya: "In abu ya dame ka, wurin wa kake zuwa? Faɗi mutum biyar." Ta yi alkawarin ba sunan da zai fito, lamba za ta ba kowa.

Mu kuwa lokacin kowa hancinsa na shinshinar gwamnatin farar hula, aka baza cewa takardar hannun sabon kansila za ta je. Wa zai ɓata gurbi da mai guga? Ni dai na ce kansila, mai unguwa, Alhaji Bello mai motoci, da wasu biyu da ko gaisuwata ba sa amsawa. Ga kuma kunya. Ka ce wurin Mu'azu kake zuwa, ai ka gaya wa yarinya sa'ar 'yar cikinka gidanka ba lafiya ke nan.

Shi kuwa tabarma ya shimfiɗa mata, har da sayen lemo. Da ta tafi ya leƙo yana washe baki.

"Rediyo, biyar ta ce, na ce mata, 'yata, ai mutum biyar ba za su ishe ni ba. Sha ɗaya na ba ta. Kai ne na farko."

"Ni? Kantoma, na ƙwarai ka rasa?"

"Na rasa mana, shi ya sa."

Bayan wata huɗu ta dawo da ƙatuwar takarda, ta ce haƙƙinmu ne mu ga abin da ta samo. Aka taru a zauren mai unguwa bayan la'asar. Kowane mutum ɗigo ne da lamba, wanda ka ambata kibiya ta tashi daga ɗigonka zuwa nasa. Wani ɗigo a tsakiya kibiyoyi sun yi masa caa kamar ƙuda a kan mangwaro, kowa ya san kansila ne. Can gefe kuma ga wani, kibiyoyi na fita, ko ɗaya ba ta shiga. Omolola ta nuna shi da biro ta ce, "Irin wannan shi ne wanda babu mai zuwa wurinsa. Shi ya fi buƙatar a kula da shi."

Ni da ban iya karatun kirki ba, ƙirga na iya. Na sa yatsa na ƙirga, kafin hankalina ya iso bakina ya riga shi.

"Sha ɗaya! Wallahi Kantoma ne!"

Aka kwashe da dariya, sai kuma ta mutu a wuya, don duk wanda ke zauren ya taɓa zama a bencin nan. Mu'azu ya matso ya daɗe yana kallon ɗigonsa. Ya ce, "Ashe." Ya sa takalminsa.

Washegari benci yana cikin shago a kife. In ka kawo riga zai karɓa ya ce ka dawo da yamma, shi ke nan.

Omolola ta same ni idonta jawur. "Baba Sani, ai na ɓoye sunaye."

"Kin ɓoye wa mutanen jami'a. Mu nan tafiyar mutum muke ji mu san shi."

Na gaya mata abin da bencin yake. Ta dafe kai ta ce ita ma ta sani, don da babanta ya kwanta jinya Mu'azu ne ya yi ta zaryar asibiti, amma da ta riƙe biro sai ta yarda da takarda ta manta da idonta. Ta je ta durƙusa wa Mu'azu, ta ce za ta cire shafin. Ya ce, "Tashi 'yata, ba ki yi ƙarya ba. Abin da aka faɗa miki kika zana."

Ni sai da na kwana uku kafin na iya shiga. Na fara da wasa, bai ɗauka ba. Na ce, "Mu'azu, kunya ce ta hana mutane, ka san halinmu."

Ya juya rigar da ke gabansa. "Ta tambaye ka?"

"Ta tambaya."

"Wa ka faɗa?"

Na kwashi bakin nan nawa da unguwa ta gaji da shi, na koma ɗakina.

Bayan babbar salla ya ɗaure kayansa ya ce zai je ganin jikoki. Bai dawo ba. Shekara biyu bayan nan wani direba ya kawo mana labarin rasuwarsa, kwana tara da binnewa. Muka cika bas biyu muka tafi ta'aziyya. Surukinsa Isyaku ya tsaya yana kallonmu muna ta sauka, ya rasa tabarmar da za ta ishe mu. Na ce masa, "Malam, ya ba a aiko mana ba?"

Ya ce sun tambaye shi yana kwance ko akwai wanda za a sanar a Kano, ya ce kada a wahalar da kowa, babu.

Allah Ya jiƙan Mu'azu, Ya yafe mana.