Wasan Da Muka Sa Ranar Kasuwar Madalla

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma ko akuyar da ke kiwo a gindin Dutsen Zuma ta san ranar Alhamis kasuwar Madalla ke ci, ta kuma san in kasuwar ta ci hanyar Abuja ba ta biyuwa. Mu kuwa, dattawa tara masu hula da carbi, 'yan kwamitin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, muka zauna a kan benci muka manta. Kai, ba mantawa muka yi ba. An tuna mana, muka ƙi ji.

Ni kafinta ne a unguwar Wambai. Shekarun baya sandar raga ta karye aka kira ni na gyara, daga nan aka naɗa ni mai kula da fili. Aikin ba wani abu ba ne illa in zuba layi da toka, in tsince ledojin ruwa, in kori awaki. Amma muƙami muƙami ne, da shi na sami wurin zama a kwamiti, ana shawara ana cewa, "Baba, me ka gani?" alhali an riga an gama gani.

Kocinmu malamin lissafi ne a wata sakandare, mutumin Filato, yana haya a unguwar Kwamba da matarsa da 'ya'ya uku. Shekara goma sha ɗaya yana horar da ƙungiyar nan don Allah. Shi ke wanke riguna, shi ke ɗinke ƙwallo, shi ke bin iyaye yana ba su haƙuri. A farkon kakar da nake ba da labari, matarsa ta jawo shi har shagona, wai kujera suka kawo gyara. Da ta ajiye kujerar sai ta ce, "Baba, ka zama shaida. Yaran nan ba su san ubansu ranar Asabar ba. Lahadi ma daga coci fili yake wucewa. Bana in ba ku kai wasan cike gurbi ba, ya ajiye usur."

Na dubi Koci, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Na yarda, Baba."

Na ce na shaida. A raina kuwa na ce an gama da shi, don tun da aka kafa ƙungiyar ba mu taɓa jin ƙamshin wannan wasa ba. Ga wanda bai sani ba, mu a rukunin ƙasa muke, ƙasan da babu wani ƙasa a bayansa. Ƙungiyoyi biyu da suka fi maki su ake kira wasan cike gurbi, a can ake tace wanda zai hau sama.

To, sai ga shi yaran sun tashi kamar an canza su. Mu ci a gida, mu je waje mu riƙe. Masu shayin da ke mana dariya suka fara tambayar yaushe ne wasa na gaba. Da aka zo wasan ƙarshe muna na biyu, a filinmu za a yi, kuma ba ma buƙatar ci. Canjaras kawai. Maki ɗaya. Ko mu tsaya mu goma sha ɗaya a bakin raga kamar masu jiran mota, ya wadatar.

Ranar Asabar aka sa wasan. Amma filin na wata firamare ne, aro muke yi, kuma ranar suna bikin yaye ɗalibai, rumfuna har cikin da'irar tsakiya. Masu shirya gasa suka aiko cewa mu zaɓi Laraba ko Alhamis, ƙarfe huɗu, bayan la'asar.

Muka taru a ƙofar shagon Ciyaman, wani Alhaji mai sayar da siminti, mutumin da ko takalmi zai saya sai ya tambayi malaminsa. Ya gyara zama ya ce, "An duba mana. Laraba akwai nauyi. Alhamis kuwa a buɗe take."

Koci ya miƙe, ya cire hularsa ta hana-salla. "Alhaji, da girmanka. Yarana goma sha huɗu ne masu kati. Takwas a Abuja suke aiki. Alhamis kasuwar Madalla ce."

"To su fito da wuri mana."

"Ranka ya daɗe, masu aikin gini ne da gadi da tuƙi. Oga ba ya sakin lebura da safe don zai je buga ƙwallo. In ya ƙi zuwa kuma, gobe wani ne a wurinsa. Laraba in sun taso ƙarfe biyu, uku suna nan."

Sakatarenmu, tsohon akawu da ke ji da Turanci, ya yi murmushi. "Koci, kai lissafin allo ka sani. Wannan lissafin na manya ne."

Aka yi dariya. Ku lura, a cikinmu tara babu wanda ke bin hanyar nan da safe ya dawo da yamma. Mu 'yan gari ne, daga gida sai shago sai masallaci. Abuja a wurinmu wurin zuwa biki ce ko asibiti. Ciyaman ya ce a ɗaga hannu. Ina so in rubuta cewa ni kaɗai na ƙi, amma ƙarya ba ta dace da furfura ba. Alhaji ya juyo ya dube ni, ni kuma nake masa kantocin shago. Hannuna ya tashi da kansa, har ya fi na Sakatare tsawo.

Ranar Alhamis na yi sammako na zuba layin da ban taɓa zuba irinsa ba, miƙaƙƙe kamar an ja da igiyar magina. Baƙinmu, wata ƙungiya daga wajen Bida, tun azahar suka iso, don hanyarsu ba ta bi ta Madalla ba. Suka baje a inuwar darbejiya suna cin burodi, hankali kwance. Su ba abin da suke nema a wasan, tsakiyar teburin gasa suke, ba hawa ba sauka.

Ƙarfe uku, yaranmu shida ne a fili: gola, tela biyu, mai gyaran waya, mai aski, da wani mai tura kura. Koci ya manne waya a kunne.

"Kuna ina?"

Ina jin muryar ɗaya daga cikin yaran Abuja daga inda nake. "Koci, muna Zuba. Ba motsi. Direba ya ce yanzu za ta buɗe."

Uku da rabi ya sake kira. Direba dai ya ce yanzu za ta buɗe. Wata tirela ce ta mutu a tsakiyar titi daidai kasuwa, masu doya da tumatir sun cinye gefen hanya, ko mai acaɓa sai ya sauka ya tura. Koci ya ce su sauka su tako da ƙafa. Suka ce ai sun biya mota, kuma ga alama an fara motsi. An fara motsi! Motar gabansu ce ta matsa taku biyu.

Jama'a kuwa sun cika fili, har kan katangar makaranta. Masu kalangu sun zo. Ciyaman ya iso cikin babbar riga, turare na tashi, yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Alƙalin wasa, wani gajere mai sanƙo, ya kira kocin kowane ɓangare. Ya ce doka ba ta yarda a fara da ƙasa da mutum bakwai ba. Zai ɗan jira bayan huɗu, in ba su cika ba ya ba baƙi wasa. Sannan ya karɓi katunan 'yan wasa yana duba hoto yana duba fuska.

A nan Ciyaman ya jawo ni bayan aji. "Baba, kai siriri ne. Sa rigar nan ka tsaya a gefe, a cika bakwai. Kafin a ankara sun iso."

"Alhaji, ni? Da jikoki goma sha biyu?"

"Ba gudu za ka yi ba. Tsayuwa ce. Don unguwa."

Na sa. Wallahi na sa. Riga mai lamba bakwai, da gajeren wando da ya bar ƙwaurina a waje kamar ƙafar benci. Sakatare ya miƙa mini katin wani yaro mai shekara ashirin da biyu, ya ce in riƙe da ƙarfin hali. Na fito, fili ya ɗauki ihu. Masu kalangu, marasa kunya, suka sake kiɗa. Alƙali ya karɓi katin, ya duba, ya ɗago.

"Baba, a wane mulkin aka ɗauki hoton nan?"

'Yan Bida har da kwanciya a ƙasa. Wani ya ce a kawo wa lamba bakwai sanda. Koci bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ni, a hankali ya ce, "Baba, don Allah je ka cire." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba wandon ne ya fi ba ni kunya ba.

Ina bayan aji ina kokawa da rigar sai na ji wani ihun, na daban. Mai tsaron bayanmu ne, lamba biyar, birkila, ya diro daga acaɓa. Shi kaɗai ya ji maganar Koci. Tun daga Zuba ya sauka ya kama gudu cikin takalmin aiki, ya ratsa kasuwar Madalla kaf, sai da ya wuce cunkoson ya sami mashin. Tun asuba yake ɗaukar bulo, siminti har a girarsa. Ko ruwa bai gama sha ba aka zura masa riga. Bakwai. Alƙali ya busa.

Abin da na gani a minti ashirin da biyar ɗin nan, ban ga irinsa ba ko a talabijin. Mutum bakwai suka tsaya a gaban goma sha ɗaya. Mai aski ya share ƙwallo a kan layi. Gola ya tare ta da fuska, ya tashi yana tofar da ƙasa. Birkilan kuwa ko'ina ka duba shi ne, kamar su uku ne. Duk wanda ke filin rabin idonsa na kan ƙwallo, rabi na kan ƙofar makaranta. Koci na riƙe da waya yana cewa, "Ku yi gudu, ku yi gudu," don sai a lokacin sauran bakwai ɗin suka haƙura da direbansu suka sauka.

Sai birkila ya yi tsalle ya sa kai, ya sauko, ƙafar ta ƙi. Tsokar sha-raɓarsa ta ɗaure tamau kamar dutse. Aka ja, aka murza, aka zuba ruwa. Ya miƙe, ya yi taku biyu, ɗaya ƙafar ma ta kama. Yana kuka yana cewa a tsayar da shi kawai, a jingina shi da sandar raga. Alƙali, in ba shi haƙƙinsa, ya jira fiye da yadda ya kamata, yana duba agogo yana duba ƙofa. Daga ƙarshe ya ƙirga da yatsa, shida, ya busa sau uku. An ba baƙi ci uku. Su kansu ba su yi murna ba, kyaftin ɗinsu ma shi ya kama aka ɗauke birkilan.

Bayan kamar kwatan awa, ana watsewa, Keke Napep biyu suka shigo da sauran bakwai, jiƙe da gumi, suna tambaya ko an tafi hutun rabin lokaci ne.

Washegari bayan Juma'a kwamiti ya zauna. Na ɗauka za a yi shiru na kunya. Ina! Ciyaman ya ce haka Allah ya rubuta, kuma malam ya ce ranar a buɗe take, yaran ne ba su shiga ba. Sakatare ya kawo shawarar a dakatar da bakwai ɗin saboda rashin ɗa'a. Wani ya ce alƙali ɗan Bida ne, alhali kowa ya ji Gwarancinsa. Awa guda ana magana, babu bakin da ya furta kalmar Madalla. Ni ma ban furta ba. Na zauna ina sosa ƙeya kamar sauran.

Ranar Asabar da hantsi Koci ya zo shagona da buhu a kafaɗa, matarsa na biye. Ya sauke. Ƙwallaye ne, da riguna wankakku a ninke, da katunan yara ɗaure da roba, usur a sama.

Na ce bari in gwada lauyancina na aji huɗu. "Madam, a matsayina na shaida, wasan nan fa bai kai ƙarshe ba. Minti ashirin da biyar aka yi. A ganina alkawarin bai hau ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Baba, an ce kai ma ka buga."

Na mayar da kai kan katakon da nake gogewa.

"Da sun buga sun sha kashi," ta ce, "wallahi da na ƙara masa shekara. Amma ba zan bar shi yana wahala wa mutanen da ba sa jin maganarsa ba."

Koci bai ce a ba shi dama ba, bai kuma zagi kowa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya nuna mini ƙwallaye biyu da ke sace iska, ya ce a riƙa yi musu famfo kafin atisaye. Ya ce in leƙa birkila a Kwamba, a ci gaba da gasa masa ƙafar da ruwan ɗumi, kada ya koma aiki kafin Litinin. Ya ce kada a dakatar da kowa. Sannan ya ba ni hannu, ya rusuna kamar yadda ya saba, suka tafi neman keke.

Buhun yana ƙarƙashin teburin aikina, ƙurar katako ta rufe shi. Sau uku kwamiti na zama don neman sabon koci. Mutum biyu aka tuntuɓa, kowannensu ya tambayi wa ke sa ranar wasa, da aka gaya masa ya ce zai yi shawara.