Ranar da Aka Karrama Kawu Kan Tsare Daji

Har abada ba zan manta ranar da aka zo karrama kawuna saboda kare daji ba. Kawun nan nawa, duk ƙasar Bukkuyum da gawayi aka san shi. Shi ya cinye kiryar dajin bayan garinmu, da ta ƙare ya koma kan marke. In ya ga itace a tsaye, sai ka ce zaginsa aka yi.

Ana nan 'yan bindiga suka mamaye dajin, kowa ya janye ƙafa. Damina ta riga ta koma zuwa a makare da tafiya da wuri, amma duk da haka kututturan da Kawu ya bari suka yi toho. Kalgo da sabara da aduwa suka rufe ko'ina.

Wasu baƙi masu binciken itatuwa suka ji labari, suka aiko za su zo gode wa masu kula da wurin. Kafin su iso Kawu ya kafa kwamitin kare daji, ya naɗa kansa shugaba, ya sa aka lulluɓe ragowar buhunan gawayinsa da zana. Ran nan ya sha babbar riga, ya tsaya a bakin gari yana nuni da sanda.

"Wanga daji mu munka tsare shi. Ko tsinke ba mu bari a karya!"

Shugabar baƙin ta yi ta yabo, ta ce tsoffin saiwoyi ne suka nutsa har inda laima take, shi ya sa tohon ke jure fari. Sannan ta ce, "Bismillah Alhaji, zaga da mu ciki."

Nan take Kawu ya fara ɗingishi. Mutane suka soma ƙunshe dariya. Innata, wadda take yayarsa, ta ce, "Kai, ɗazu da ƙahwar dama kaka ɗingishi, yanzu ta koma hagu?"

Wuri ya ɓarke da dariya, har da ni. Sai Inna ta juya ga baƙuwar.

"Ɗiyata, bar wahal da shi, ba mai shiga. Koren ga da kika yabo gonarmu ta, can anka ɗauke uban yaran ga."

Nan take na daina dariya, don gonar da na tashi ina noma tare da mahaifina ce ake ɗauka hoto.

Tun ranar na gane itace ba ya neman kwamiti, a ɗauke masa gatari kawai. Abin kunyarmu shi ne, hankali bai sa mun ɗauke ba sai da bindiga ta sa.