Farar Da Ba Ta Gudu

Shekarun baya, sana'ata kiwon gyare ce. Ku yi dariyarku, na saba. A Sokode nake. Bayan ɗakina na jera robobi cike da kwalin ƙwai, ina ba gyare dusa da ɓawon gwanda. Ruwa a jiƙaƙƙen tsumma, don in ka sa a kwano faɗawa suke su mutu. Ƙafafun tebur a cikin gwangwanin baƙin mai saboda cinnaka. Masu tara hawainiya suna kaiwa Lome su ne masu saye, sai 'yan tsirarun da ke kiwonta a gida don sha'awa.

Cikinsu akwai abokina a Dapaong. Tare muka yi lodin kamiyo, manyan motocin kayan nan, muna samari. Shi ya zama direba, ni ban zama komai ba. Mota ta kife da shi, ƙafafunsa suka mutu. Shekara biyu yana kwance, fuska a bango. Abin da ya tashe shi wata hawainiya ce da ta faɗo daga darbejiyar tsakar gidansa. Ya sa aka yi mata kejin waya. Daga ɗaya suka zama shida. Kullum da hantsi matarsa takan jawo shi a kan tabarma har gaban kejin, ya wuni yana kallon yadda suke harba harshe. Maƙwabta suka janye ƙafa, wai tsafi ya fara.

"Hawainiya ma ba ta sauri," in ji shi. "Mun dace da juna."

Da bazara ƙwari sukan ɓace a can, sai abin da na kai. Duk sati biyu ina hawa mota da kwalina.

Wata tafiya, mota ta lalace mana tsakanin Mango da Tandjouaré, rana tsaka. Kwalina yana sama, ƙarƙashin tamfol. Muka daɗe. Da na sauko da shi na buɗe, wari ne ya amsa mini. Ko guda babu mai motsi.

Gefen hanya akwai lambun tumatir na rani. Na gangara neman ruwan alwala, sai ga fara a kan ganye, manya-manya. Na kai hannu, ba ta tashi ba. Duk mai wannan sana'a ya san dokar: farar da ba ta gudu, feshi ta sha. Ni da bakina na sha faɗa wa masu saye. Har warin maganin ina ji. Amma abokina ya gaya mini a waya kwana uku hawainiyoyinsa ba su ci ba, ga babbar macen tana ɗauke da ƙwai. Na ce wa kaina zafi ne ya kashe wa farar jiki. Ƙarya nake. Kunyar shiga gidansa hannu rabbana ce ta kama ni. Na cika leda.

Da la'asar na isa.

"Sarkin gyare ya sauka!" ya ce. "Yau har da fara? Lallai an samu ƙarin girma."

"Canjin miya ne," na ce.

Da hannunsa ya ba su, ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowace kirari.

Washegari da hantsi huɗu suna ƙasan keji, sun yi baƙi ƙirin, harshe a waje. Kafin azahar ta biyar ta bi su. Macen ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana lilo a reshe da ƙafa ɗaya, sannan ta saki.

Bai dube ni ba. Matarsa ya duba.

"Kin kunna maganin sauro kusa da su."

"Malam, wallahi ban kunna ba."

"Kin kunna. Dama tun farko ba kya ƙaunarsu."

Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Can ta ce, "To, na kunna. Ka yi haƙuri."

Na hau motar yamma na koma Sokode.

Bayan nan na kai masa wasu hawainiyoyin sau biyu, ya ce a mayar da su daji. Ya koma bangonsa. In na je, yakan juyo gare ni mu yi hirar tsofaffin hanyoyi. Ita kuwa ko ruwa ta miƙa masa sai ya kau da kai. Ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi. Duk zuwa da maganar a bakina nake zuwa, da ita nake komawa. Bayan shekara da 'yan watanni ya rasu.

Ranar sadakar bakwai na sami matarsa bayan gida tana kwance wayar kejin.

"Uwargida, akwai maganar da na riƙe."

"Ta farar?" Ba ta ko ɗago ba. "Ragowar ledar na juye wa 'yan tsakina ran nan. Uku suka mutu kafin yamma."

"Kin sani, kika ɗauka a kanki?"

"Ni dole ya gan ni kullum, ko yana so ko ba ya so. Kai in ya kore ka, wa zai ƙara shigowa gidan nan?"

Na bar kiwon gyare. Robobin na bai wa wata mai wanki. Ba zan ce na koyi darasi ba, dokar na san ta tun kafin in gangara lambun. Matar ta koma Tchamba wurin danginta, ta ce ta yafe mini, na kuma yarda. Amma shi ya tafi yana fushi da wadda ba ta yi masa komai ba, yana murmushi ga wanda ya yi. Wannan kam babu ƙofar da zan buga a gyara.

Har yau in na ga fara zaune a kan ganye, nakan tafa mata. In ta tashi, na wuce. In ba ta tashi ba, wunin nan ya lalace mini.