Karan da Baba Ya Kafa a Fadama

Ina wankan jego a gidanmu, can wajen Dandin Mahe, aka yi abin. Shekarar ce ake bin layin sabulu da madara, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, har fadamar bayan gidanmu ta bushe ta yi fari fat da kanwa.

Maigidana makanike ne a Bodinga. Kayan gyara sun yi wuya, aiki ya tsaya, sai ya koma kan wata tsohuwar mota ƙirar Ingila da wani Bature mai aikin hanya ya bari. Koriyar mota ce, kujera biyu, ba rufi, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. A cikinta ya tsinci hoton irinta tana gudu a wani farin fili, wai duk gishiri ne. Tun daga nan ba shi da magana sai ta allurar da ke nuna gudun motar, yana so ya ga ta kai ƙarshe.

Ranar da ya zo duba jaririya ya hango fadamar. Na ga yadda ya tsaya yana kallonta, na gane nan yake so ya gwada motar.

Na ce, "Wurin nan akwai tsofaffin rijiyoyin masu albasa. Laka ta rufe bakinsu, sama kawai ta bushe."

Ya yi dariya. "Ke da ruwan zahi ya dahe, mi kika sani ga mota? Ranar Assabar za ki ji kukanta."

Ni ban san inda kowace rijiya take ba, Baba ne ya sani, da shi aka haƙa su. Na durƙusa na roƙe shi ya gaya masa. Ya kawar da kai ya ce, "In tsaya ina zance da suruki? Bari dai, ɗiyata." Shi ma maigidan, in ya hango Baba a zaure, cire takalmi yake ya gaishe shi daga nesa, ya bi ta bayan danga.

Washegari Baba ya ɗauki ƙunshin kara ya fita. Kowace rijiya ya kafa mata kara uku a baki. Duk manomin wajenmu ya san abin da kara uku ke nufi. Na ɗan samu natsuwa.

Asabar da hantsi maigida ya iso da abokansa na gareji, 'yan birni, ba manomi a cikinsu. Suka bi filin suna tsince duwatsu da ƙaya don kada taya ta fashe. Da su suka haɗa karan, suka tara a gefe. Baba yana kasuwar Shagari. Ni ina ɗaka ina ba da nono, ban gani ba.

Kukan motar na ji, yana hawa, yana hawa, har yarinya ta saki nono. Sai ya yanke.

Taya ce ta rufta cikin rijiya, motar ta kife. Maigida bai mutu ba. Ƙugunsa ya karye, mai ɗori ya yi wata uku a kansa, amma bai sake iya shiga ƙarƙashin mota ba. Facin taya ya koma yi a zaune, bakin titi.

Baba ya je duba shi sau ɗaya. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin, Baba." Har Baba ya rasu ba wanda ya ta da maganar karan. Ni ma ban tayar ba.