Dastur a Ƙofar Gidan Inna

A Gadarif, in za ka shiga gidan da ba naka ba, sallama kaɗai ba ta isa. Sai ka tsaya a bakin danga ka ce "Dastur", mata su ja mayafi, a amsa maka, sannan ka sa ƙafa. Haka muka tashi muka tarar, mu da maƙwabtanmu Larabawa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ko ruwan zafi za ta zubar a bayan ɗaki sai ta ce dastur, wai kada ta ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye.

To, da wannan kalmar Larabci ke kiran tsarin mulkin ƙasa. A shekarun da na fara koyarwa a firamare, Turawa sun riga sun tafi, rediyo kuwa ba shi da zance sai na dastur. Wata rana da la'asar Inna tana gasa kisra, siririyar gurasarmu ta dawa, tana saurare, sai ta ce, "Madalla. Ashe hukuma ta fara koyon ladabi."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na sami aiki ta laƙaba mini Ustaz, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, kuma daga jin yadda take jan kalmar ka san ba girmamawa ba ce.

"Ustaz, me ya ba ka dariya?"

Na gyara zama na shiga bayani. Na ce wannan dastur ɗin babbar doka ce da ke sama da kowa, har shugaban ƙasa. Masu yin doka daban, masu zartar da ita daban, alƙali kuma daban, ba wanda zai haɗa ukun a hannunsa. Hukuma ba ta da ikon taɓa mutum ko kayansa sai ta hanyar shari'a.

Ta juya kisrarta ta ce, "Wato kamar kasuwar hatsi, mai awo daban, dillali daban. Kuma ba sa shiga sai an ce su shigo. To ai abin da na faɗa ke nan, kai ne ka tsawaita."

Na bar ta, don gardama da Inna aikin baban giwa ne.

A tsakar gidanmu akwai matmura, ramin da muke binne dawa. Tun rasuwar Baba abin da ke cikinsa iri ne kawai, wata farar dawa da kakanninmu suka zo da ita a hanyarsu ta zuwa Makka, suka tsaya nan ba su ƙarasa ba. Inna ke shuka ta a 'yar gonarmu ta wajen Mafaza, ta zaɓi zangarniya mafi kyau ta ajiye. Ba a samunta a kasuwa. In ta ƙare, ta ƙare ke nan.

Wata shekara hatsi ya yi tsada ana dab da damina, aka ce 'yan kasuwa na ɓoye shi a gidaje. Aka baza mutane suna bi unguwa-unguwa, duk ramin da suka samu su kwashe. Ranar wata Juma'a da hantsi ina wanke riga sai ga wani shawish, wato sajan na 'yan sanda, ya turo ƙofa da mutum biyu masu shebur. Wani ya tsegunta musu. Na ajiye rigar na miƙe, don na san in irin nan ya hau mota, tuwo zai zama a cikin wani.

Inna ba ta ko tashi daga kan angarib ɗinta, gadonta na igiya, ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ya waladi, kai ɗan nan, a gidanku haka ake shiga? Koma ka ce dastur."

Shawish ɗin ƙato ne, gashin bakinsa kamar tsintsiya, amma shi ma uwa ce ta haife shi. Ya ja da baya har bakin danga, masu shebur suna ƙunshe dariya, ya ce, "Dastur, ya hajja."

"Ban amsa ba tukuna," in ji Inna. "Ustaz, gaya masa sauran."

Nan na samu bakin magana. Na ce masa da ladabi, abin da ke ramin nan iri ne, kuma ko da ba iri ba ne, dastur bai yarda a ɗauke wa mutum kayansa ba sai alƙali ya ji ta bakinsa. Ya ce shi umarni aka ba shi daga sama. Na ce wanda ya ba shi umarnin ma akwai abin da ke samansa. Ya murza gashin baki. Ina jin ya auna ne ya ga gara ya koma hannu wofi da ya tsaya gaban alƙali yana bayanin yadda ya ture tsohuwa. Ya ce, "Kwayyis, shi ke nan. Mu haɗu a kotu." Kafin ya tafi sai da Inna ta sa ya sha jabana, wato gahawa, wai baƙon da ya yi dastur ba ya fita da bushasshen baki.

A kotu Inna ta kwance bakin mayafinta ta zuba wa alƙali ƙwayar dawar a kan tebur. Ya sa aka kira wani tsohon mai awo daga kasuwa, ya tauna ƙwaya ɗaya ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, irin Takari ne, wato mutanenmu. Alƙali ya ce a bar wa hajja raminta. Wakilin hukuma ya buɗe baki, alƙali ya dube shi, ya mayar ya rufe. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba. Abin da nake rubuta wa yara a allo, ga shi na gani da idona.

Da kaka ta yi, Inna ta dafa asida, tuwon garin nan, da sabuwar dawa ta aika wa alƙali. Aka dawo da kwanon a rufe, da godiya, wai doka ta hana shi ci. Ta riƙe haɓa ta ce, "Allah sarki. Ashe dastur ɗin nan har baki yake ɗaurewa." Ta aika wa shawish, shi kam ya lashe kwanon tas. Daga nan ya zama ɗan gida, duk sanda ya biyo ta layinmu tun daga nesa za ka ji "Dastur, ya hajja", yara suna kwaikwayonsa.

Bayan 'yan shekaru, wata safiya rediyo ya tashi da kiɗan soja. Wata murya ta karanta sanarwa, a ciki aka ce an dakatar da dastur. Na juya zan fara yi wa Inna bayani kamar yadda na saba, sai na ga ba ta wurin. Tana tsakar gida da fartanya, tana buɗe bakin matmura.

"Inna, ai da saura kafin shuka."

"Kawo buhu, Ustaz," ta ce, ba ta ɗago ba. "A ƙarƙashin gadona zai kwana. Daga yau ba mai tsayawa a bakin danga."

Na kawo buhun, na riƙe mata bakinsa tana zubawa.